Bargon Auta da Keken Mahaifiyarmu

Duk wanda ya san keken ɗinki na gida ya san ba don babban aiki aka ƙera shi ba. Tsakanin allura da jikin keken akwai ɗan fili wanda bai wuce inci 7 ba, kuma ta wannan ƙofa ce duk abin da ake ɗinkawa zai ratsa. Riga da ɗan kwali da wandon yara suna wucewa salin-alin. Amma mu 'yan mata uku na gidanmu da ke Sabo a Ibadan, sai muka ɗaura niyyar tura bargo mai faɗin inci 90 da tsawon inci 90 ta cikinta, a kan tsohon keken ƙafa samfurin Butterfly da mahaifiyarmu ta bari.

Dalili kuwa shi ne, an sa ranar auren autarmu shekara guda bayan rasuwar mahaifiyar tamu, kuma Jos za a kai ta, garin da sanyinsa ba ya wasa da baƙo. Cikin abin da marigayiyar ta bari akwai zannuwa 14, mafi yawansu atamfar Kaduna. Mai karatu zai gane nauyinsu in ya tuna cewa masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, ita ma UNTL ta tsaya a 2007. Wato ko da kuɗi a hannu, irin waɗannan zannuwa ba sa sake sayuwa. Da aka zo rabon gado, yayanmu namiji ya yafe rabonsa, mu kuma muka amince kada a warwatsa su, a haɗa su wuri guda su raka Auta.

Gwaggo ba ta so ba. "Ku 'yan nan," in ji ta, "zanen mamaci sadaka ake yi da shi, ba a sa masa almakashi." Muka russuna muka ce, "Gwaggo, a gafarce mu, shida za mu bayar sadaka, takwas za mu yanka." Ta daɗe ba ta tanka ba, sannan ta zaɓi shidan da hannunta. Har yau muna ganin maganarta tana da ƙamshin gaskiya, domin zane in ya shiga almakashi ya bar zama sutura ke nan, babu mai sake ɗaura shi.

Irin wannan bargo ba gwado ba ne, ba kuma luru ba, waɗanda masaƙa ke fitarwa. Hawa uku gare shi: fuska ta ƙyallaye da aka harhaɗa, auduga shimfiɗaɗɗiya a tsakiya, da shafi a baya, sai a bi su da ɗinki layi-layi har su zama abu ɗaya. A Amurka sana'ar ta yi suna ƙwarai. Alal misali, Harriet Powers, wadda aka haifa cikin bauta a Jojiya a 1837, ta ɗinka nata da hannu da kuma keke, talauci ya sa ta sayar da shi dala 5, ga shi yanzu yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washinton.

Haɗa fuskar bai ba mu wuya ba. Yanka ne da jerawa, sai ɗan musu kan wace atamfa za ta zauna kusa da wace. Wahalar tana wajen haɗa hawa ukun. Haƙoran keke daga ƙasa suke jan yadi, ɗan ƙarfen da ke danne shi kuwa daga sama yake riƙewa, saboda haka shafi yakan riga fuska tafiya, kafin a kai ƙarshen layi bargo ya tattare kamar goshin tsoho. Kekunan zamani suna da wata ƙafa ta musamman mai jan yadi ta sama, amma namu bai san da ita ba. Abin da muka yi shi ne, muka share tsakar ɗaki, muka shimfiɗa hawa ukun, muka bi su da dogon zare na wucin gadi, tazarar tafin hannu tsakanin layi da layi. Kwana biyu muna rarrafe. Sannan muka sassauta dannin ƙarfen, muka ƙara tsawon takun allura.

Daga tsakiya ake farawa a nufi gefe, domin in an fara daga gefe, duk rarar yadi a tsakiya za ta taru ta rasa mafita. Layin farkon nan shi ne gwaji, don kuwa rabin bargon, wato inci 45, dole a naɗe shi tamau kamar tabarma a cusa ta wancan ɗan fili. Sauran rabin kuma in aka bar shi yana reto, nauyinsa zai ja allura ta lanƙwashe ko ta karye. Nan muka ga aikin ya fi ƙarfin hannu biyu. Yaya ta zauna a kan keke tana taka feda, ta tsakiya ta saɓa naɗin a kafaɗa tana sakinsa sannu a hankali, Auta ta tsaya a bayan keke inda muka kara teburin cin abinci, tana karɓa ba tare da ta ja ba. In ɗaya ta yi gaggawa, nan take ɗinki zai tona mata asiri.

Tun rasuwar ba mu iya zama mu yi hirar marigayiyar ba. Kowa ta ɗauko sai murya ta sarƙe. Amma a bakin keken, da yake idanu suna kan allura, sai magana ta riƙa fitowa da kanta. Ƙyalle ya iso gaban allura, wata ta ce wannan shi ta ɗaura ranar sunan ɗan Yaya, wata ta ce a'a, ranar saukar Auta ce, a yi ta ja-in-ja har layi ya ƙare. Akwai wani shuɗi mai zanen tsuntsaye da ya ƙone kaɗan a gefe, wajen tuyar ƙosai. Ba mu yanke ƙunar ba, muka sa shi daidai inda zai faɗa a ƙirjin mai barci.

Kowane layi da aka gama, naɗin yana raguwa, keke yana samun sarari, har muka kai ga gefe inda mutum ɗaya ma zai iya. Sati uku aikin ya ci, da allura biyar. Layukanmu ba su miƙe sosai ba, tela zai gani ya yi murmushi. Ranar jere, Gwaggo ce ta karɓi bargon daga hannunmu, ta shimfiɗa shi a gadon amarya da kanta, ta tsaya tana bin ƙyallayen da yatsa tana kiran sunan kowace atamfa da shekarar da aka saye ta. Biyu daga ciki ashe ita ce ta ba ƙanwar tata.