Zuwa ga ƙannena sojojin waya, kafin a buga gangar fid da gwani

Jiya da daddare Facebook ya tono mini wani tsohon rubutuna, irin tonon nan da yake yi ba wanda ya saka shi. Layi uku na karanta na kifa wayar a kan katifa. Sunana ne a sama, hotona ne a gefe, amma da wani ne ya yi wa mahaifina irin wannan rubutun, da sai an raba mu da ƙyar. Wani mai neman takarar sanata ne na yi wa wankin babban bargo ana saura 'yan kwanaki zaɓen fid da gwani, kuma jam'iyyarmu ɗaya da shi. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi wanda nake yi wa aiki ba. Na ce shi ba ɗan asalin mazaɓar ba ne, na ce akwai lauje cikin naɗi a takardunsa na makaranta, har ciwon da aka ce yana fama da shi sai da na taɓo. Ko guda ban bincika ba. A wani zauren WhatsApp ake turo mana da sassafe, a ce "ga karatun yau", mu kuma mu sauya 'yan kalmomi mu watsa.

Da na sake ɗaukar wayar sai na gangara ƙasa wajen masu tofa albarkacin bakinsu. Cikin masu cewa "ka gama da shi, oga" da masu zagina, akwai wani da ya rubuta kalma biyu kacal: "Na gode." A lokacin ban kula ba. Jiya na duba sunan da kyau.

Zan dawo kansa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne ina ganin ƙannenmu sun fara wasa wuƙa, ana buɗe sababbin zauruka, ana raba muƙaman da ba albashi, wannan shugaban yaɗa labarai na wane, wancan kwamandan matasan wane.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. Kafin waya ta zo hannun kowa akwai sojojin baka, musamman a gidajen rediyon Kano, inda ake sayen fili da daddare mutum ya shiga ya wasa gwaninsa ya yi wa abokin hamayya shaguɓe. Amma shi sojan baka an san muryarsa, an san unguwarsu, gobe za a gan shi a ɗaurin aure. Kuma akwai ma'aikacin gidan rediyo da zai datse maganar idan ta yi muni, don gidan na tsoron tarar hukuma. Sojan waya ba mai datse masa. Yana iya buɗe shafi uku da sunan mata, ya yi zagi da ɗaya, ya yi wa kansa tafi da biyun.

Duk wanda ya yi wannan aikin ya san faɗan fid da gwani ya fi na babban zaɓe ƙazanta, kuma dalilin a fili yake. A babban zaɓe kana da abin kamawa: jam'iyyarsu ta gaza, tamu za ta gyara. A fid da gwani kuwa tuta ɗaya ce, gwamna ɗaya ake yaba wa, alƙawuran ma kusan iri ɗaya ne. Me ya rage da za ka bambanta gwaninka da shi? Sai mutumin kansa. Asalinsa, matansa, aƙidarsa, lafiyarsa, inda ya samo kuɗi. Kuma masu kawo kayan zagin 'yan gida ne, waɗanda suka ci tuwo kwano ɗaya da shi, suka san inda ɗakinsa ke yoyo. Abin da ɗan adawa zai shekara yana nema bai samu ba, ɗan cikin gida a dare ɗaya zai zube shi a faifai.

Mu da ke Kaduna mun ga wannan da idonmu a 2018, a mazaɓar Kaduna ta Tsakiya, wadda ta haɗa ƙananan hukumomin Kaduna ta Arewa da ta Kudu da Igabi da Giwa da Birnin Gwari da Chikun da Kajuru. Sanata Shehu Sani ne ke kan kujerar, Malam Uba Sani, mai ba Gwamna Nasir El-Rufa'i shawara kan siyasa, yana nemanta, duka a APC. Mutum biyu ne da suka fito daga gwagwarmayar ƙin mulkin soja, sun san juna tun kafin yawancin masu zagi a madadinsu su shiga firamare. Kuma abin takaicin shi ne akwai maganar gaske da ta cancanci a yi muhawara a kanta. A watan Maris na shekarar Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da bashin dala miliyan 350 da gwamnatin jihar ke nema daga Bankin Duniya, Shehu Sani ne kuma shugaban kwamitin basussuka da ya ba da shawarar a ƙi. Tambaya ce mai nauyi: jiha ta ci bashi ta yi tituna da makarantu yau, ko ta haƙura don kada ta ɗora wa na baya kaya? Kowane ɓangare yana da hujjar da mai hankali zai saurara. Amma cikin rubutu goma da ke wucewa ta gabana a lokacin, da ƙyar ɗaya ke maganar sharuɗɗan bashin ko yadda za a biya. Sauran sumar wane ce, butulcin wane, yaron wane ne wane.

Yadda ta ƙare kowa ya sani. Uwar jam'iyya a Abuja ta fara nuna Shehu Sani ne kaɗai ta tantance, a Kaduna aka yi zaɓe Uba Sani ya lashe, a watan Oktoba Shehu Sani ya fice ya koma PRP, a 2019 Uba Sani ya zama sanata, a 2023 ya zama gwamna. A 2024 gwamnan da bakinsa ya koka da nauyin bashin da ya gada, wato maganar da aka ƙi tsayawa a tattauna shekara shida baya ta dawo ta zauna a tsakar gida. A 2025 Shehu Sani ya dawo APC, yana tsaye kusa da Gwamna Uba Sani ana dariya, shi kuwa El-Rufa'i ya bar jam'iyyar ya tafi SDP. Ban ga laifin kowa a cikinsu ba kan wannan, siyasa ce, haka take juyawa.

Amma a majalisarmu ta bakin titi akwai samari biyu, tare suka yi allo, tare suke zuwa kallon ƙwallo. A rikicin nan ɗaya ya bi wannan, ɗaya ya bi wancan. Tun ana yi da wasa har ɗayan ya rubuta wa ɗan uwansa magana a kan mahaifiyarsa, a bainar jama'a, inda 'yan uwa da surukai ke gani. Manyan da aka yi dominsu sun shirya. Su har yau idan wannan ya zo majalisa wancan tashi yake yi, kuma da aka yi wa ɗayan haihuwa ɗayan bai je suna ba.

To wai ma wa ake rubuta wa? Wannan tambayar ce ban taɓa yi wa kaina ba lokacin da nake ciki. A zaɓukan fid da gwani na 2022, Dokar Zaɓe ta wannan shekarar ta sa daliget ɗin da aka zaɓa musamman don aikin ne kaɗai ke jefa ƙuri'a: a APC mutum biyar daga kowace gunduma, a PDP uku. Mazaɓar sanata guda mai ɗauke da mutane fiye da miliyan, 'yan ɗaruruwa ne suka yanke mata hukunci a lokacin, kuma akasari an kwana da su a otal an gama magana tun kafin gari ya waye. Daliget ba ya buɗe Facebook don ya san wanda zai zaɓa. Misalin da ba na mantawa shi ne na Shehu Sanin nan dai: mutumin da mabiyansa a Twitter suka haura miliyan, da ya nemi takarar gwamna a PDP a watan Mayun 2022 ƙuri'a biyu ya samu. Biyu. Ya kuma ce ya ƙi ba daliget kuɗi ne. Ko an ce ƙato bayan ƙato za a yi, masu katin jam'iyya ne ke shiga layi, kuma mai riƙe da takardar rubuta sakamako ya fi mai dogon layi ƙarfi.

Wani lokacin ma daliget ɗin ba su ne ƙarshen magana ba. A Yobe ta Arewa, Bashir Machina ne ya ci zaɓen fid da gwanin APC a watan Mayun 2022, lokacin Shugaban Majalisar Dattawa Ahmad Lawan yana can yana neman takarar shugaban ƙasa. Jam'iyya ta miƙa sunan Lawan. Babbar Kotun Tarayya a Damaturu ta ba Machina gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar, sannan ranar 6 ga Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli, alƙalai uku cikin biyar, ta ba Lawan, bisa hujjar cewa hanyar da aka bi aka shigar da ƙarar ba ita ce daidai ba. Wata takwas ana tafka ruwan zagi a waya daga Gashuwa har Legas, ƙuri'ar alƙali ɗaya ce ta raba gardamar.

Saboda haka gaskiyar ita ce mai karatu ɗaya muke rubuta wa: oga, ko ma yaron oga. Kana gama zagin ka ɗauki hotonsa ka tura zaure don a ga ka yi aiki. Takardar neman aiki ce, shi ya sa kullum sai ta fi ta jiya zafi, don mai ladabi ba a lura da shi. Ladan kuwa, ni dai abin da na gani kuɗin data ne, da ɗan abin shan mai, da shadda yadi biyar idan salla ta zo, da alƙawarin "idan an shiga". Ɗan takarar da na zubar da mutuncina dominsa sau ɗaya muka taɓa gaisawa, kuma na tabbata da zan tsaya gabansa yau sai an gabatar da ni. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan kurar ce ke kai kanta.

Mai cin riba na gaske yana can gefe yana tattara hotuna. Duk abin da kuka faɗa a kan ɗan jam'iyyarku a watan fid da gwani, idan shi ya samu tikitin, 'yan adawa za su fito da shi ranar kamfe da sunayenku a jiki, ku kuma a lokacin an umarce ku ku koma yabonsa. Na ga mutum ya kira ɗan takara ɓarawo, bayan mako uku ya sa hotonsa a fuskar shafinsa ya rubuta "jagora". Idan kuma wutar ta yi yawa, sulhu kan zama abin kunya ga manyan kansu, don magoya baya sun riga sun kai maganar inda ja da baya ya zama faɗuwa. Zamfara ta ishe mu. Rikicin fid da gwanin APC tsakanin ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari da na Sanata Kabiru Marafa ya kai ga Kotun Ƙoli, ranar 24 ga Mayun 2019, ta ce jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, ƙuri'unta sun tafi a banza. Kujerar gwamna, da na sanata uku, da na wakilai bakwai, duk suka koma PDP. A Kebbi ta Tsakiya, Adamu Aliero ya bar APC a 2022 kan rigimar tikiti, ya koma PDP, ya kayar da gwamna mai ci Atiku Bagudu.

Na san abin da wani zai ce: to mu yi shiru ke nan, kada a tona asirin mai neman kujera? A'a. Kujeru 109 ne kacal a Majalisar Dattawa, masu su ne ke amincewa da kasafin kuɗi da bashi da ministoci, dole a tankaɗe mai nema a rairaye. Idan yana kan kujera, ka tambayi ƙudurori nawa ya kawo, ina ya tsaya ranar da aka yi muhawarar da ta shafe mu, ayyukan mazaɓa da aka rubuta da sunansa suna ina, ka je ka ɗauko hoton rijiyar ko filin da babu rijiyar. Idan sabo ne, ka tambayi abin da ya yi da amanar da ya taɓa riƙewa. Wannan yana da wahala, yana buƙatar karatu da kuɗin mota, kuma ba ya tara tafi kamar zagin uwa. Shi ya sa muke gudunsa.

Ku kuma tuna da Dokar Laifukan Intanet ta 2015. Da sashe na 24 nata aka sha kama matasa kan rubutu, kuma gyaran da aka yi mata a 2024 bai hana a zo a ɗauke mutum daga shagonsa ba. Ranar da aka ɗauke ka, wanda ya turo maka karatun safe zai fita daga zauren, tsohuwarka ce za ta ɗaura mayafi ta riƙa zarya tana neman mai tsaya maka beli.

Shi mai "Na gode" ɗin nan, ɗan mutumin da na zaga ne. Ajinmu ɗaya a sakandare, sunan kakansa yake amfani da shi shi ya sa ban gane ba. Akwai zangon da kuɗin makarantata suka makara, a cikin akwatinsa na ci gari da ƙuli har aka yi hutu. Na goge rubutun jiya, duk da na san gogewar ba ta kai inda ya riga ya kai ba. Na nemo lambarsa wajen wani abokinmu, na kira sau biyu bai ɗauka ba. Gobe bayan la'asar, in Allah ya kai mu, zan je gidansu da ƙafata.