Rami na goma a Belfry

Wanda ya koyi wasan golf bisa rairayin gefen Yamai, yana jan ɗan guntun kafet domin aza ƙwallo, idonsa kan raina fata ranar da ya taka filin Brabazon na Belfry, kusa da Birmingham ta Ingila. Haka ta faru ga wani ɗan kasuwa da abokin cinikinsa ya gayyata can.

Wurin gonar dankali ne kafin a buɗe shi a 1977. Yanzu ciyawa ce shar, itatuwa sun yi sahu, ga tafkuna kwance. A nan Turai ta kayar da Amurka a gasar Ryder ta 1985.

Ramuka tara na farko, baƙo ya bi su a hankali, mai masauki har yana yabonsa. Sai na goma. Tsawonsa bai kai mita 300 ba, amma rafi ya gitta gaban ramin, rassa kuma sun rufe hanya. Mai hankali kan yi bugu biyu. Sai dai a 1978 Ballesteros, ɗan Spaniya, ya ƙetare da bugu guda, kuma tun daga ranar kowane baƙo ke jin shi ma zai iya.

Mai masauki ya ce: "Alhaji, a bi ta gajere." Alhaji, wanda bai taɓa sayen buhun albasa bai kwance bakinsa ba, ya zaro sanda mafi tsawo.

Ƙwallo uku ya ba rafi. Na huɗu aro ya yi, daga hannun mutumin da zai zauna da shi gobe a yanke farashi.