Ukaimeden, Dutsen Ƙanƙara da Makiyaya Suka Riga Kowa Hawa

Daga Marakesh mota ke bin kwarin Urika, sannan ta karkata ta kama hawa. Tafiyar ba ta kai kilomita 80 ba, amma rabinta kwana ce bayan kwana a bakin rami, kunne na toshewa, itatuwa na raguwa har su ƙare. Ƙauyen Ukaimeden yana zaune a tsayin mita 2,600 cikin tsaunukan Atlas na Maroko, ƙololuwar da ke bisansa kuwa ta haura mita 3,200. Ɗan Damargu ya san hunturun Tanut, wanda bargo da wutar kara ke maganinsa. Na nan daban ne, yatsu yake kamawa har mutum ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa.

Faransawa masu sha'awar hawan dutse ne suka kawo wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara nan, cikin shekarun 1930, zamanin mulkin mallaka. Sun fara da ɗan masauki, hanyar mota ta biyo baya. Bayan Maroko ta sami 'yancin kai a 1956 aka kafa doguwar igiyar ƙarfe mai kujeru a rataye, don ta ɗauki mutum ta kai shi kusa da ƙololuwa, ƙafafunsa na lilo a sarari. Daga can ake hango jerin tsaunukan da Tubkal ke cikinsu, mai mita 4,167, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a arewacin Afirka.

A gindin dutsen kasuwa ce ke ci. Samarin ƙauyukan kewaye na ba da hayar tsofaffin takalma da katakan zamiya, wasu na koya wa baƙo yadda zai tsaya, masu alfadarai na haurawa da waɗanda suka gaji. Tukwanen tajin na kan gawayi, shayi da na'ana'a na zagayawa. Yawancin masu zuwa iyalai ne daga Marakesh a ƙarshen mako, sun kawo yara su taɓa ƙanƙara. Daga Janairu zuwa Maris ke nan, in shekara ta yi kyau, domin farin da Maroko ta sha a shekarun nan ya bar dutsen tsirara a wasu lokutan, masu haya na zaune ba ciniki. Girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023, wadda ta kashe mutum kusan 3,000, a wannan lardi na Alhauz ta fi ɓarna.

Abin da ya fi riƙe ni kuwa ba shi cikin takardun talla. Filin nan makiyaya ce tun fil azal. A jikin jajayen duwatsun bakin ƙauye akwai zanen shanu da wuƙaƙe da aka sassaƙa dubban shekaru da suka wuce. Har yau Barbarawan Urika da na Raraya ne ke da wurin, bisa tsarin da suke kira agdal: ranar 15 ga Maris a rufe makiyayar, ba akuya ba tunkiya, har ciyawa ta yi fure ta zubar da iri, ranar 10 ga Agusta a buɗe. Sai iyalai su hauro da garkunansu su sauka a bukkokin dutse da suka gada, kowa ya san nasa. Dokar tana jingine da albarkar wani waliyyi, Sidi Faris, kuma jama'a da kansu ke tsaron ta.

Mu ma a Nijar muna da ranar sakin gonaki bayan kaka, muna da dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa. Amma duk wanda ya bi kwarin Tarka ya ga inda gonakin gero suka tsallake iyakar, ya ga burtalin da ya ƙuntace, ya kuma san abin da hakan ke jawowa tsakanin manomi da Bafulatani ko Buzu. A Ukaimeden sojan mallaka sun zo sun tafi, otal-otal sun tashi, jami'ar Marakesh ta kafa gidan hangen taurari a saman tudu, ranar buɗe makiyaya ba ta gusa ba.

Da zan ba masu unguwanni da ardoɗin Belbeji shawara, ba da hunturu zan ce su zo ba. Su zo cikin Agusta, su zauna da dattawan Raraya, su tambaye su wa ke gadin ciyawa watanni biyar ɗin nan, da tarar da ake ci wa wanda ya shigar da dabba kafin rana.