Ta'aziyyar Shaihu Ɗahiru Bauchi Da Kira Ga Manoman Bunkure

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridar nan taka mai farin jini, in yi ta'aziyyar Shaihu Ɗahiru Usman Bauchi, wanda Allah Ya yi wa rasuwa ran Alhamis 27 ga Nuwamba 2025, sa'an nan in jawo hankalin 'yan'uwana manoma ga wata magana.

Na ji ana gardama a kan shekarunsa, waɗansu su ce 98, waɗansu su ce ya haye ɗari. Duka biyu suna kan gaskiya. An haife shi a Nafaɗa cikin 1927, ga lissafin Turawa ke nan bai cika ɗari ba. Amma shekarar wata ta gaza ta rana da wajen kwana 11, watau kowace shekara 33 sai a sami rarar shekara guda. Daga 1346 zuwa 1447 ta Hijira shekara 101 ke nan, da ita kuwa mu ke azumi, da ita mu ke Salla.

Ya hardace Alƙur'ani a hannun mahaifinsa. Ya yi karatu wurin malaman Kano irin su Shaihu Tijjani Usman Zangon Barebari da Shaihu Abubakar Atiku Sanka, saboda haka mu Kanawa muna da rabo a cikinsa. Ya bi Shaihu Ibrahim Inyas na Kaulaha a ƙasar Sanigal, har ya auri 'yar Shaihun.

Ni ban taɓa durƙusawa a gabansa ba, amma ina lissafta kaina cikin almajiransa, haka kuma dubban mutanen ƙauyukanmu. Tun daga 1980 gidan rediyon Kaduna ya riƙa watsa tafsirin da ya ke yi da azumi. In dare ya yi sai ka ga magidanta sun kewaye akwatin rediyo a ƙofar gida, wanda ya wuni yana ban ruwa ma ya tsare idonsa daga barci. Mai jan baƙi ya ja aya, Shaihu ya fassara, ya yi ta jawo 'yan'uwanta daga surori dabam-dabam, duk da ka, ba littafi a gabansa. Har waɗanda su ka saɓa masa a kan ɗariƙa, ba su kuwa da kaɗan, sun sallama masa wajen harda.

Abin da ya fi burge ni, ni da na ke sana'ar koyarwa, shi ne gidansa. Malamai nawa mu ka gani sun ilmantar da 'ya'yan jama'a, nasu na yawon banza a kasuwa? Shi kuwa 'ya'yansa da jikokinsa, maza da mata, waɗanda su ka hardace Alƙur'ani sai a ƙirga su gommai. Wannan ba ya samuwa sai uba ya zauna da iyalinsa, ya san inda kowa ya tsaya a allonsa. Ban da haka ya kafa makarantun Alƙur'ani masu yawa a ƙasar Arewa.

To, jama'ar Bunkure da Kura, da me za mu girmama shi? Sa wa jariri sunansa abu ne mai sauƙi. Ku dubi makarantun allon da ke tsakaninmu. Malaminsu ba shi da albashi, ba rediyon da ke jin muryarsa, almajiransa kuwa rabin wuninsu wajen bara ya ke ƙarewa, yaron da ke jin yunwa kuwa ba ya riƙe karatu. Alhali tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, aka jawo mana ruwa ta magudanai, mu ke noma rani da damina, ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir. Kakanninmu da damina kaɗai su ka dogara, duk da haka ba su manta da damin malam ba in kaka ta yi.

Shawarata ita ce, kowane ƙauye a zaɓi dattawa amintattu, tare da mai unguwa da liman, su riƙa karɓar zakkar hatsi da sadaka tun a bakin gona, kafin 'yan kasuwa su ɗora buhunan a mota. A ajiye a rumbu guda, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a riƙa dafa wa almajirai, da sharaɗin malam ya hana su fita bara. Iyayen da su ka kawo yara daga nesa su ma a ɗora musu nasu kason, don ba a sauke musu nauyin 'ya'yansu ba. Ina roƙon Hakimanmu su kira dagatai a kan wannan tun ba a fara yankan shinkafa ba.

Allah Ya jiƙan Shaihu, Ya ba iyalansa da almajiransa haƙuri, amin. Haza wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta, Bunkure.