Ƙarko ya fi ƙyalli

Injin da ke fitar da ƙira a gefen katako yana juyawa fiye da sau dubu 20 a minti guda. Kafintan da ya kafa shi a ƙarƙashin teburin da ya haɗa da hannunsa, a kan fuskar teburin nan yake tura itace zuwa ga ƙarfen yanka. In fuskar ta yi tudu da kwari, ƙirar ta karkace. In kuwa itace ya cije, sai hannu ya ƙara ƙarfi, yatsu su kusanci kaifi.

Wani dattijon kafinta a Maraɗi ya daɗe yana auna wannan al'amari kafin ya rufe nasa teburin. Almajiransa sun so fenti, don ya fi ɗaukar ido. Ya ƙi, domin fentin mai yana da laushi, yana karcewa, kuma yana riƙe itace. Man katako mai ƙyalli ya fi shi tauri, amma goga ta yau da gobe tana cinye shi.

Abin da ya fi damunsa shi ne yanayi. Katako yana shan ɗanshi da damana ya kumbura, iskar hunturu ta busar da shi ya tsuke. In an rufe sama kaɗai, ƙasa ce za ta riƙa sha tana bushewa, har allon ya gantsare. Saboda haka ya zaɓi Formica, fallen takardu da aka jiƙa da ƙaron masana'anta aka matse da zafi, wanda aka kafa kamfaninsa a Amurka a 1913. Ya manna shi sama da ƙasa, ya toshe gefuna, ya ɗauki fari domin zanen fensir ya fito kuma ya gogu. Daga nan sai shafen kakin zuma kaɗan, itace ya riƙa sulalewa.

Mai saye ba zai taɓa ganin teburin nan ba. Ƙofa da gadon da suka bi ta kansa zai gani. A garin da ake kawo katako daga kudu da tsada, allo ɗaya da ya lalace asarar yini ce. Shi ya sa dattijon yake koya wa yara su gwada fuskar tebur da tafin hannu kafin su yaba ta da ido.