Ɗan Leburan Kuza A Garin Roros

Wani dattijo mutumin Bukuru, wanda ya yi aikin malanta har ya huta, ya tafi ƙasar Norwe a cikin watan Yuli na 2019 don ya ga 'yarsa da ke karatu a birnin Trondheim. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, saboda haka ba ya kama sunanta, Uwata ya ke ce mata. Da ya kwana biyar ta ga zaman ɗaki ya ishe shi, sai ta ce, "Baba, gobe in Allah ya kai mu zan kai ka garin masu haƙar ma'adini irin su Kaka." Bai ce kome ba, don shi a saninsa inda aka yi haƙa ba abin da ya ke saura sai rami.

Ubansa dai leburan kuza ne. A cikin 1943, sa'ad da Japan ta riga ta kame Malaya, Ingila ta rasa kuzar can, aka ɗebo shi tilas daga ƙauyensu zuwa duwatsun Jos, cikin waɗanda a ke kira ɗiban gwamna. Sanyi da ciwon haƙarƙari suka kashe da yawa daga cikinsu. Shi ya tsira, ya zauna, ya yi aure, ya ƙare ransa da kwano a ka. A barikin nan aka haifi dattijon.

Suka hau jirgin ƙasa, ya yi ta hawa tudu da su wajen awa biyu da rabi, har suka sauka Roros. A cikin 1644 aka fara haƙar jan ƙarfe a duwatsun nan, ba a daina ba sai 1977 da kamfanin ya karye, watau shekara 333. Sojan Suwidin sun ƙone garin a 1678 da 1679, mutane suka sāke gini, kuma gidajen da aka yi bayan wannan su ne har yanzu ke tsaye. Duk na katako ne, guma a kan guma, waɗansu an shafa musu launi, waɗansu tsufa ya mai da su baƙi kamar ƙasan tukunya. Kada mai karatu ya zaci kango ne. Akwai mutane a ciki, ana dafa abinci, ana shanya tufafi. A 1980 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihin duniya, amma ba a tashi kowa ba.

Suka ga majami'ar da kamfanin ya gina a 1784, mai cin mutum 1,600, da hoton guduma a jikin hasumiyarta. A da ko a nan kowa da mazauninsa gwargwadon matsayinsa, manyan kamfani a gaba, talakawa can nesa. Dattijon ya duba, ya wuce. Suka ga kuma ƙararrawar da a ke kaɗa wa ma'aikata. Nan ya ɗan tsaya, don ya tuna ƙarfen da a ke bugawa a barikinsu tun da jijjifi.

Abin da ya kama shi yana can bayan gidan narka. Wurin nan akwai tsibin kashin maƙera, baƙi ƙirin, tudu guda guda, abin da wuta ta tofar cikin shekaru ɗaruruwa. Narkar nan ta ci gawayi har ta cinye dazuzzukan da ke kewaye, duwatsu suka zauna tsirara, iska ta sami hanya. Sanyin garin kuwa ba na wasa ba ne: a cikin 1914 ma'auni ya sauka har 50 ƙasa da sifiri. To, a gindin tsibin nan akwai wata 'yar hanya mai suna Sleggveien, inda talakawan talakawa suka zauna, 'yan ƙodago marasa gona, marasa saniya. Gidajensu ƙanana ne, da ciyawa ta tsiro a kan rufin waɗansu. Ba wanda ya rushe su don su daina ba garin kunya. An bar su a inda su ke, ana gyara su da irin katakon da aka yi su da shi.

Ya sunkuya ya shiga ɗaya. Murhu, da gado guntu, da taga kamar faifai. Ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce, "Uwata, ashe su ma sun sha wuya." Ta ce, "Sun sha, Baba." Ya ce, "Amma ga ɗakinsu."

Gaskiya ne katako a ƙasar sanyi ya fi jinkar ciyawa da jar ƙasa daɗewa, kuma ba a cewa mutanen Roros sun fi kowa tausayi, da ya ke ziyarar baƙi tana kawo musu kuɗi. Duk da haka adana gidan sarki abu ne mai sauƙi, kowace ƙasa tana yi. Barikin da aka haifi dattijon kuwa, rabonsa da shi shekara ashirin, kuma ran nan da ya je bai gane wurin ba. Ya tarar da gonar dankali da wani ƙaton kududdufi mai zurfi, irin waɗanda iyaye ke hana yara kusanta. Kabarin ubansa ma sai da ya yi kirdado.

Da suka fito ya ɗauki ɗan guntun kashin maƙera, ya jujjuya shi, ya mai da shi inda ya ɗauka. Suka yi La'asar a kan ciyawa bayan tsibin, rana kuwa tana can sama kamar hantsi, don a wannan wata dare ba ya yin duhu sosai a ƙasar.

A cikin jirgi ya ce ta fito da takarda da alƙalami. Ya fara da sunan ubansa da ƙauyensu, sa'an nan maƙwabtansu ɗaki bayan ɗaki, da helumansu, da matar da ke sayar musu da kunu. Kafin su isa Trondheim sun rubuta mutum 31. Akwai wani Bagobiri mai ɗingishi da ya ke goya shi yana yaro, ya yi ya yi sunan ya ƙi zuwa. Ya ce ta bar masa fili.