Binta Sudan a Ƙasar Dambatta: Turaren Dattijo da Lokutan Shafa Shi

Cikin kayan adon namiji babu mai wuyar sha'ani kamar turare. Riga da hula ido ke ganinsu, wanda bai so ba ya kau da kai. Turare kuwa ba ya sallama, sai dai mutum ya ji shi cikin hancinsa, ko yana so ko ba ya so. Don haka ne dattawan karkara suka ɗauki sanin lokacin shafa shi da muhimmanci fiye da mallakarsa. Wannan rubutu zai dubi turare guda ɗaya tak, watau Binta Sudan, ta hanyar wani dattijo manomi da ke zaune a wani ƙauye tsakanin Dambatta da Makoɗa, wanda ya shafe shekara fiye da hamsin bai sake turare ba.

Sunan da ke rubuce a jikin kwalbar shi ne Bint El Sudan, ma'anarsa 'yar Sudan. Da ya zo kunnen Bahaushe, wanda ba ya son baƙaƙe biyu su cunkushe masa a ƙarshen kalma, sai ya sa mata wasali, ta koma Binta, sunan da ya riga ya saba da shi a gida. Ta haka baƙuwa ta zama 'yar gari tun ba a buɗe kwalbar ba. Asalinsa kuwa ba na Sudan ba ne, ba kuma na ƙasar Larabawa ba. Wani kamfanin Ingila mai suna W. J. Bush, a birnin Landan, shi ya haɗa shi a 1920. Labarin da masu shi ke bayarwa shi ne, wani wakilinsu mai suna Eric Burgess ya sauka a Hartum, waɗansu manyan ƙasar suka kawo masa irin ƙanshin da suke so, ya koma da su Landan aka haɗa. Ko labarin ya sha gishiri ko bai sha ba, abu ɗaya tabbas ne: an yi turaren ne da mai, ba a sa masa barasa ba, domin Musulmi aka nufa da shi.

Yadda ya iso ƙasar Hausa ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san hanyar aikin hajji ta dā. Kafin jirgin sama ya yawaita, maniyyata ta ƙasa suke bi, daga Kano zuwa Maiduguri, su ratsa Chadi, su shiga Darfur, su kai Hartum, sa'an nan su gangara bakin Bahar Maliya. Waɗansu sai sun shekara suna aikin gona a hanya kafin su tara kuɗin jirgin ruwa, waɗansu ma can suka zauna, kamar mutanen Mai Wurno da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Tsaraba marar nauyi, mai daraja, wadda ba ta ruɓewa, ita matafiyi ke nema, ƙaramar kwalba kuwa ta cika waɗannan sharuɗɗa duka. Kamfanin ya yi ta sake hannu. A 1966 ya narke cikin Bush Boake Allen, a 2000 kuma kamfanin IFF na Amurka ya saye wannan. A shekarun 2010 a nan Kano ake ɗura shi, a masana'antar Gongoni, cikin kwalaben da ba su wuce mililita 12 ba.

To, mene ne a cikin kwalbar? Da an buɗe, abin da ke fara bugun hanci shi ne ƙanshin fure mai zaƙi, yasmin da waɗansu furannin ƙasashen sanyi, da ƙarfi har yakan hau kai. Wanda ya yanke masa hukunci a wannan lokaci ya zalunce shi. Sai an ba shi kamar tsawon tafiya daga gida zuwa bakin kasuwa kafin zaƙin ya lafa, almiski da ambar su taso daga ƙasa, su zauna. Wannan ƙanshi na biyu shi ne Binta Sudan na ainihi, shi ne kuma yake kwana a wuyan riga, har a wanke ta da sabulu a shanya, a linke, a ɗauko ta Juma'a mai zuwa yana nan. Aibinsa biyu ne, kuma ba ƙanana ba. Na farko, ba shi da kunya: ɗigo uku ado ne, ɗigo shida kuwa fitina ce ga wanda ya tsaya kusa da mutum a sahu. Na biyu, da yake mai ne, yana barin tabo a farar shadda, tabon da ƙura ke bi ta manne. Dattijon nan ba ya zuba shi a fuskar riga ko kaɗan. Yakan ɗiga a tafin hannu, ya murza, ya shafi gemu da bayan kunne da cikin wuyan riga, sa'an nan ya jiƙa ɗan ƙullin auduga ya cusa a lungun kunnensa na dama. Takardar jikin kwalbar kuwa, mai hoton yarinyar Sudan, ɓare ta yake yi ranar da ya saya, don a cewarsa ba a shiga masallaci da baƙuwar mace a aljihu.

Ba za a gane ƙa'idodin dattijon ba sai an gane ƙasar da yake ciki. Arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta, ƙasa ce da mutane suka yi wa yawa tun zamanin kakanni. Babu daji, babu saura. Gona tana jingine da gona, iyakarsu ɗan layin gamba ko aguwa, kuma kowane gādo sai ya ƙara tsaga ta. Ƙasar da ba ta hutawa kuwa ba ta da abinci sai taki. Saboda haka rayuwar manomi a nan da taki take tafiya: awaki da tumaki a turke duk damina, a tara kashinsu da toka da shara, da rani a loda wa jaki a mangala a kai gona, a zuba tsibi-tsibi. Mutumin da ke wannan aiki kwana shida cikin bakwai ya san warin jikinsa, ba ya kuma jin kunyarsa, gama shi ne warin hatsin baɗi. Turare a wurinsa alama ce ta cewa yau an ajiye fartanya. Wanda ya shafa shi ranar aiki, ko dai ba shi da gona, ko kuwa yana so a ɗauka ba shi da ita.

Ranar turare ta farko ita ce Juma'a, kuma wannan sunna ce da kowane almajiri ya sani, tare da wanka da tsabtataccen tufafi. Amma dattijon yana da nasa tsari. A zamanin ƙuruciyarsa masallatan Juma'a ba su yawaita a ƙauyuka ba, sai an yi tafiya mai nisa a ƙasa ko a keke. Ya lura cewa wanda ya shafa turare tun daga gida, kafin ya isa gumi da ƙura sun dama shi ya zama wani abu dabam. Sai ya riƙa barin kwalbar a aljihu har ya hango gari, ya tsaya gindin wata ɗorawa, ya kakkaɓe ƙafa, ya huce, sa'an nan ya shafa. Yanzu masallacin Juma'a ya zo ƙofar gidansa, amma har yau sai ya fito zaure yake buɗe kwalbar. Nan kuwa hannuwa kan miƙo. Ba a ƙin karɓar turare, ba a kuma hana shi, don haka rabin kowace kwalba a tafin hannun maƙwabta take ƙarewa. Wannan ma yana cikin lissafinsa sa'ad da yake saye.

Bayan Juma'a sai Sallah ƙarama da babba, da ɗaurin aure, da suna. A waɗannan yakan ƙara ɗigo ɗaya, tun da a fili ake zama. Ranar Lahadi kuwa, ranar kasuwar Dambatta, sai ya duba abin da ya kai shi. In saye zai yi, ba ya shafawa, don mai ƙanshi ba ya samun rangwame. In kuwa zai shaidi cinikin wani ne, ko zai shiga tsakanin masu rikici, yakan shafa kaɗan, gama maganar dattijo mai tsabta ta fi saurin shiga kunne.

Lokutan da yake barinsa sun fi waɗannan yawa, sun kuma fi su koyarwa. Ba ya zuwa gona da shi, ba don taki kaɗai ba, har don ƙudan zuma da ke cikin amya a kan bishiyoyi, waɗanda ƙanshi mai ƙarfi ke tayar musu da hankali. Ba ya shiga wurin majinyaci da shi, don mai zazzaɓi ba ya jure zaƙinsa. Ba ya zuwa ta'aziyya da shi, ko da yake babu malamin da ya hana. Shi dai a ganinsa gidan da aka shafa wa mamaci turare da safe bai kamata rayayye ya shiga yana ƙanshi irin nasa ba. Mai harami a aikin hajji kuwa shari'a ce ta hana shi, ba sai an faɗa ba.

Amma ƙa'idar da ya fi riƙewa ita ce ta tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. Ya ga abin da idonsa bayan farin 1973, da kuma 1975, shekarar da cuta ta cinye gyaɗa, kuɗin da manomi ke sayen riga da turare da shi ya yanke. Wani maƙwabcinsa ya je neman rancen dami biyu na dawa wurin wani mai hali. Don ya girmama mai gidan, ya yi wanka ya shafa ragowar turaren Sallarsa. Mai gidan ya shaƙa, ya ce wanda ke da kuɗin Binta Sudan ai bai rasa na tuwo ba, ya sallame shi hannu wofi. Ɗigon da bai kai kwabo ba ya jawo wa gida guda kwana da yunwa. Mai halin bai kyauta ba, kowa ya faɗa a bayan idonsa, amma tun daga ran nan dattijon bai sake zuwa neman alfarma da ƙanshi a jikinsa ba, ya kuma hana 'ya'yansa.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Da hunturu fata takan bushe, iska ta kwashe ƙanshi nan da nan, to nan ne turaren mai yake nuna fifikonsa, gama yana kama jiki ya zauna. Da bazara, sa'ad da zafi ke kaiwa digiri 40, ɗigo ɗaya ya isa, shi ma a tufafi, ba a fata ba. Da damina kuwa laima tana ninka ƙarfinsa, ɗaki in ba shi da taga sai ya gagari zama.

Gardama ta taɓa shiga gidan saboda turare. Babban ɗansa, wanda ya yi makarantar horon malamai, ya fara aiki a birni ba da daɗewa ba bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, lokacin da kowane ƙaramin ma'aikaci ya sayi rediyo da agogo da turaren Turawa. Ya zo hutun Sallah da kwalbar Aramis, wanda kamfanin Estée Lauder na Amurka ya fitar a 1964, shekara ɗaya da Brut. Turare ne na ƙwarai, mai ɗaci-ɗaci kamar sabuwar fatar dukawa, kuma dattijon bai musa ba. Ya shinshina, ya ce, ba tare da ya ambaci sunan ɗan ba, da yake ɗan fari ne:

"Kai wannan, me ya sa yake sanyi a hannu?"

"Baba, barasa ce a ciki, ita ke ɗauke da ƙanshin, sai ta bushe ta bar shi."

"To, ka shafa shi in za ka ofis. Sahun da nake ciki kuwa, ka zo ka karɓi nawa."

Malamai sun saɓa a kan wannan mas'ala, waɗansu suna ganin barasar turare najasa ce, waɗansu suna ganin ba ita ce abin sha da aka haramta ba, kuma ɗan ya san hujjojin ɓangare na biyu sarai. Bai kawo su ba. Ya ajiye Aramis don birni, inda ya dace da ɗakin da ke da fanka da rigar da ba ta ga ƙura ba. A ƙauye kuwa, ko ba don fatawa ba, turaren barasa ba ya jure rana. Kafin a sauko daga Idi rabinsa ya tashi. Jikokin dattijon yanzu turaren Dubai suke fesawa, mai ƙanshin itacen udu, suna kuma yi wa kakansu tsiya cewa yana warin 'yan koli. Shi kuwa yakan ce su bari sai nasu ya shekara ɗari a kasuwa tukuna.

Akwai kwalba ta biyu a gidan, wadda ba a buɗe ba. Tana ƙasan adaka, naɗe cikin farin yadin da ya saya ya ajiye don likkafaninsa, kamar yadda dattawa da yawa ke yi don kada su bar wa iyali nema a ranar da ba a da sukunin nema. Uwargidansa da babban ɗan su kaɗai suka san inda take. Da yake turaren mai yakan juya in ya daɗe cikin zafi, kowace kaka, in ya sayar da wake, yakan sayo sabuwa a kasuwar Dambatta, wurin mai kolin da ya amince da shi, don jabu ya yi yawa. Yakan jijjiga ta ya duba kaurin man, ya shinshini bakin murfin, sa'an nan ya biya. In ya komo gida sai ya sa sabuwar cikin yadin, ya fito da ta bara, ya ɓare takardarta, ya jefa ta aljihun rigar Juma'a.